Jarka, leda ko tanki: da me za ka ɗauko kifinka da rai?

Kafin ka biya kuɗin 'ya'yan kifi, ka san irin kifin da awoyin da zai yi a hanya, domin su ne za su zaɓa maka mazubi.

Idan tarwaɗa ce, jarka mai lita 25 ta wadatar, ita ce kuma mafi araha. Tarwaɗa tana hawowa saman ruwa ta shaƙi iska, shi ya sa ake yanke saman jarkar a bar shi buɗe, a zuba ruwa rabi kawai. Wanda ya cika ta har wuya ya murɗa marfi, ya shaƙe kifinsa da hannunsa. Masu tsawon ɗan yatsa, 500 sun isa a jarka ɗaya, idan rana ta yi zafi a rage. Ka sayi jarkar man gyaɗa ka wanke ta sosai. Wadda ta taɓa ɗaukar zuwa-zuwa kuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, warin fetur ba ya barin roba. Idan kumfa ta taru a saman ruwa, majinar jikin kifin ce, ɗigo biyu na manja yana kwantar da ita. Ka kuma ware manya da ƙanana tun a gona, tarwaɗa tana cin ƙanenta a hanya.

Karfasa ba ta da wannan juriya, abin da ke cikin ruwa kawai take shaƙa, kuma ruwa mai ɗumi oksijin ɗinsa kaɗan ne: kusan miligiram 9 a lita a zafin digiri 20, amma 7 da rabi a digiri 30. A watan Afrilu da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, ke wuce digiri 40, jarka buɗaɗɗiya ba za ta kai ta Marwa ba, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Nan leda mai oksijin ce magani. A sa leda mai kauri biyu, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure kusurwoyin ƙasa don kada ƙananan su maƙale a lungu. Ruwa kashi ɗaya, oksijin kashi biyu, a ɗaure baki da roba. Lita 5 na ruwa suna ɗaukar 'ya'yan karfasa masu giram ɗaya kamar 300 na tafiyar awa takwas. Gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita yana rage musu wahala. Ana samun tukunyar oksijin wurin masu walda, sai dai kada maiko ya taɓa bakinta, wuta take kamawa. Aibin leda shi ne ƙayar tarwaɗa babba tana huda ta.

Tanki mai lita 1,000 da injin hura iska na wanda ke jigila kullum ne, kamar mai kai manyan kifi daga dam ɗin Lagdo kusa da Garwa zuwa kasuwa. Sai da mota da batir na biyu, don injin na tsayawa karfasa za su taso suna haki. Tankin cika shi ake yi, in an bar shi rabi ruwan zai riƙa buga kifin da bango a kowane rami.

Ko da me ka saya, a hana kifin abinci awa 24 kafin tafiya, manya awa 48, domin ƙazantar da suke fitarwa ce ke tara gubar amoniya a ruwa, ta ƙone musu matsefi, wato abin da suke numfashi da shi. A tashi da asuba ko da dare, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ƙanƙara kuma a gefen leda, ba a ciki ba. Da an isa, a bar ledar ta yi iyo a kan tafkin minti 20, a riƙa ɗebo ruwan tafkin ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan a karkata bakin su fita da kansu. Abinci sai washegari.