Sharhi a kan shirin yara na Akili and Me

Shirin Akili and Me, wanda kamfanin Ubongo na ƙasar Tanzaniya ke shiryawa, ya ƙunshi labarin Akili, yarinya 'yar shekara 4 da ke zaune da iyayenta a gindin dutsen Kilimanjaro, wadda da zarar barci ya ɗauke ta sai ta tsinci kanta a wata duniyar mafarki tare da ƙawayenta dabbobi, cikinsu har da ɗan zaki da dorina.

Ana koyar da ƙirga da haruffa, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake nuna wa yaro sunan abin da ke cikin ransa, fushi ne ko tsoro ko kishi, da yadda zai huce ba tare da duka ko birgima ba. Na ga autata, bayan yayanta ya ƙwace mata 'yar tsana, ta ja dogon numfashi ta ce ranta ya ɓaci, maimakon ta fasa kuka.

Fassarar Hausar tana da daɗin sauraro, sai dai waƙoƙin na yawan maimaituwa, har babba kan ƙosa, ko da yake yaran ba sa gajiya da su.