Gargaɗi: masu yawon "duba gara kyauta" sun shigo unguwanni

Jama'a, don Allah ku sanar da iyayenmu mata da ke wuni a gida su kaɗai. Tun da aka yi ruwan farko shinge, wato garar nan mai fukafukai, ya fito, wasu samari ke bin gidaje, sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata, ɗayansu goye da tankin feshi, wai an turo su duba gara kyauta. Ba za su ce maka su duba-gari ne ba, amma za su bar ka ka ɗauka haka. Gidan gwaggona suka faɗa wa ranar Talata.

Sun yi sallama da ladabi, har da durƙusawa. Ɗaya ya tsaya yana jan ta da hira, wani ya nemi tsani ya shige cikin silin shi kaɗai. Ko minti biyar bai yi ba ya sauko da guntun katako duk ya rududduge, da busasshiyar ƙasa a jikinsa. Ya murje shi a gabanta, ya ce, "Hajiya, Allah ne ya kawo mu. Rufin nan ba zai ga ƙarshen damina ba." Sannan ya nuna mata fukafukan shinge a bakin taga, ya ce ga shaida nan. Baiwar Allah da ke kwana da jikoki uku a ƙarƙashin rufin, me kuke so ta yi? Suka yanka mata kuɗi, suka rage "don ke uwa ce", suka karɓi rabi wai na magani. Suka fesa wani abu mai warin kalanzir da fiya-fiya, suka ce gobe za su dawo da injin. Lambar da suka bari har yau a kashe take, yaran kuwa da tari suka kwana.

Washegari na ɗauko kafintan da ya yi rufin. Muka hau tare, ina haska masa tocila. Babu inda aka ɓalli katako. Abin da ya gama tona asirinsu shi ne, duk katakon rufin an shafe shi da baƙin mai tun lokacin gini, guntun da suka bari kuwa fari ne tas. A aljihu suka shigo da abinsu.

Abin haushin, akwai gara a gidan. Tana ɗakin ajiya, bayan tsohon akwatin katako, a bangon da famfon tsakar gida ke jiƙawa. Ko leƙa wurin ba su yi ba. Da muka janye akwatin, sai ga hanyoyinta na ƙasa sun taso daga gindin bango, kaurinsu kamar fensir, har sun shiga ƙasan akwatin. Takardun da ke ciki, har da na makarantar ɗanta, rabinsu sun koma ƙasa.

Wannan hanyar ƙasa ita ce babbar alama. Irin garar da ta fi addabar gidajenmu a cikin ƙasa take zaune, ba ta jure iska da haske, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya duk inda za ta bi. In ka ga hanyar, ka karya tsakiyarta da yatsa. In akwai gara a ciki za ka ga ƙananan farare suna kai-kawo, da masu jan kai da ke fitowa cizo. In ba ka ga kowa ba, ka dawo bayan kwana biyu ko uku. Idan an liƙe inda ka karya, suna nan. Ka kuma bi ƙofofi da firam ɗin taga da ƙafar gado kana ƙwanƙwasawa da bayan sukudireba. Gara daga ciki take ci ta bar ɓawo, don haka katakon da ta ci zai yi ƙara kamar ganga, wani ma da ka danna zai burma. Fenti mai kumbura da silin da ya fara lotsawa su ma abin dubawa ne, ko da yake yoyon ruwa na iya jawo su. Garin katako mai laushi da ke zubowa daga ƙananan huda kuwa aikin ƙwaro mai huda katako ne, maganinsa daban.

Shinge fa? Duk farkon damina yana fitowa, yana bin hasken fitila, yara na tara shi a kwano a soya. Fukafukai a bakin taga ba su nuna komai ba sai cewa an kunna wuta da dare. Inda za ka damu shi ne in ka ga yana ɓullowa daga cikin ɗaki, ta tsagar daɓe ko jikin ƙofa.

Ko da a ce sun yi feshin da gaske, ba zai yi ba. Fiya-fiya na kashe wanda ya taɓa ne, sannan ya bi iska. Sarauniyar gara tana can ƙarƙashin ƙasa, wata irin tana saka dubban ƙwai a rana guda, ba ta ma san an yi ba. Aikin gaske a ƙasa ake yin sa: a haƙa ɗan rami a zagaye gindin gini, wani lokaci a huda daɓe, a ɗura maganin da aka yi don gara, irin masu sinadarin fipronil ko imidacloprid, a gyara yoyon da ke jiƙa bango, a ɗaga katako daga ƙasa. Ba aikin minti talatin ba ne. Kuma duk wanda ya ce zai ajiye muku ƙwayar nan ta buhun hatsi a ɗakin kwana, ku kore shi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum.

In sun zo gidanku, kada ku bari kowa ya hau silin shi kaɗai, a sa babban yaro ya bi shi. Ku ce ya nuna garar a inda take, tana motsi, ba a tafin hannunsa ba. Ku nemi katin aiki; masu wannan sana'a a Najeriya suna da lasisi daga majalisar kula da lafiyar muhalli, EHCON, kuma za a iya tambaya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko da gaske an turo wani. Ku ce a buɗe robar maganin a gabanku, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Kada a ba da ko sisi kafin aiki, a ce sai maigida ko ɗan gida ya dawo.

Maƙwabciyar gwaggo ta ce ta gan su ranar Alhamis a layin bayan masallaci, da tankinsu. Su uku ne, dogon cikinsu shi ke hawa silin.