Shagon Buga Kundi a Samaru: Abin da Na Gani Kafin Ranar Kariya

Duk wanda ya yi digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya san cewa kammala rubuta babi biyar ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin akwai ƙa'idojin tsara kundi da za a bi tun daga tsakure da ƙumshiya har zuwa manazarta da rataye, sannan ga tsayuwa gaban malamai don kare abin da aka rubuta. Wannan ne ya kai ni wani shago a Samaru da ke buga kundi, ya ɗaure shi, ya kuma shirya wa ɗalibi shafukan PowerPoint.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda suka riƙi haruffa masu lanƙwasa. Na buga kundina, wanda nazari ne a kan harshen Hausa, da tsohon salon haruffan nan da ake danna q ya fito ƙ, x ya fito ɗ, v kuma ya fito ɓ, kuma da zarar an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da salon sai “ƙasa” ta koma “qasa”. Matashin da ke aikin ya zauna ya mayar da su duka tsarin Unicode, wanda ke sa haruffan su fito daidai a wasu kwamfutoci, ya kuma bi kalmomin Ingilishin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya don kada gyara ya zama ɓarna. Tazarar layuka da lambobin Romawa na shafukan farko duk sun fito yadda ake so.

Sai dai sun gaza a manazarta. Na nemi tsarin APA (wata ƙa'ida ce ta jera littattafan da aka duba) bugu na 7, wanda ya fito a 2019, amma sai na tarar sun bar sunan garin da aka buga kowane littafi kamar yadda ake yi a bugu na 6, kuskuren da malamin da ke duba aikina ya zagaye da jan biro tun a shafin farko. Da na koma sun gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma na yi asarar kwana biyu.

Hidimar da ta fi mini amfani ita ce gwajin gabatarwa. A bayan shagon akwai ɗan ɗaki mai majigi, inda mai shagon ya riƙe agogo ya ba ni minti 15. Na cinye minti tara ban fita daga waiwayen ayyukan magabata ba. Ya dakatar da ni cikin ladabi ya ce, “Malam, su malaman sun karanta waɗannan littattafai, abin da kai ka gano suke jira.” A nan muka rage shafukan PowerPoint daga 31 zuwa 14, muka bai wa manufar bincike da hanyar tattara bayanai da sakamako mafi yawan lokacin. Ranar kariya, tambayar farko da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yi mini a kan hanyar tattara bayanan ce.

Farashinsu ya ɗara na maƙwabtansu, kuma ina ganin ya cancanta. Zan koma can ɗaurin kwali na ƙarshe bayan na kammala gyare-gyare, amma manazarta da hannuna zan tsara su kafin in kai.