Neman zama malamin jami'a a fannin karatu daga nesa: wane digiri ya cancanci kuɗinka da shekarunka

Wanda yake son ya zama malamin jami'a a fannin karatu daga nesa da fasahar koyarwa, hanyoyi huɗu ne a gabansa: kwasa-kwasan intanet masu ba da takardar shaida, digiri na biyu a tsara darussa, digirin EdD (digirin digirgir na masu aiki a harkar ilimi), da digirin PhD na bincike zalla. Masu talla suna jera su kamar tsani, kai ka ce kowanne mataki ne zuwa na gaba. Ba haka abin yake ba. Kowanne ƙofar da yake buɗewa daban, kuma kwamitin ɗaukar malamai abu uku yake dubawa: wa ya duba bincikenka, a ina ka buga shi, kuma ka taɓa koyar da ɗaliban da ba ka ganin fuskarsu ko kuwa.

Kwasa-kwasan Coursera da edX, waɗanda suka bayyana a 2012, suna da amfani wajen gwada ko fannin ya kwanta maka a rai, amma ba a ɗaukar malami da su. Digiri na biyu a tsara darussa ya fi su nauyi nesa ba kusa ba: shekara ɗaya zuwa biyu, za ka koyi tsarin ADDIE na tsara darasi mataki-mataki, ka iya gina kwas a dandalin karatu irin su Moodle ko Canvas, ka samu aiki a sashen da ke taimaka wa malamai. Aiki ne mai kyau, sai dai na ma'aikacin ofis ne, ba na mai bincike ba. Idan za ka yi shi a matsayin share fage, zaɓi wanda ke ƙarewa da kundin bincike, kamar na ilimin dijital da Jami'ar Edinburgh ke koyarwa ta intanet. Wanda ya ƙare da aikin gwaji kawai, ba shi da abin nunawa ranar neman gurbin PhD.

EdD kuwa an gina shi ne don shugabannin makarantu da manyan ma'aikata masu son warware matsalar wurin aikinsu. Jami'ar Athabasca ta Kanada tana da shi a fannin karatu daga nesa, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma jami'o'i da yawa PhD suke rubutawa a tallar aiki, sai ka ga mai EdD yana ta bayanin kansa a gaban kwamiti.

PhD na bincike shi ne zaɓin da ya dace, musamman idan an yi shi a jami'ar da koyarwa daga nesa ita ce ainihin sana'arta. Dalilin ba suna ba ne, bayanai ne. Binciken wannan fanni yana cin bayanan ɗalibai kamar yadda injin niƙa ke cin hatsi: sau nawa suka shiga dandalin karatu, a wane mako suka daina, wane aiki ne ya kore su. Jami'ar da ke da kwas biyu ko uku a intanet ba za ta iya ba ka wannan ba. Open University ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, tana da cibiyar fasahar koyarwa tun 1970, har ta saki tarin bayanan ɗalibai sama da 32,000 na shekarun 2013 da 2014 don kowa ya yi bincike da su, ana kiransa OULAD. UNISA ta Afirka ta Kudu tana koyarwa daga nesa tun 1946, IGNOU ta Indiya kuma an kafa ta a 1985. Wani abin mamaki da ya kamata a sani: ɗaliban PhD na cikakken lokaci a Open University a harabarta ta Milton Keynes suke zama, ba daga gida suke karatu ba. Mai son ya ci gaba da aikinsa yana karatu sai ya duba irin shirin Jami'ar Lancaster na koyo da taimakon fasaha, wanda aka tsara don masu aiki kuma yawancinsa ta intanet ake yi.

Ka lissafa shekarun tun kafin ka shiga. A tsarin Ingila shekara uku zuwa huɗu ne ga mai cikakken lokaci, mai haɗawa da aiki kuma ya sa rai da shida ko fiye, kundin yana kaiwa kalmomi 80,000. A Amurka ana fara da darussa na kimanin shekara biyu da babbar jarrabawa kafin a taɓa kundin, don haka biyar zuwa shida ba baƙon abu ba ne. Tsarin Amurka ya fi horar da mutum a ƙididdiga da dabarun bincike, na Ingila ya fi sauri ga wanda ya riga ya san tambayarsa.

Amma duk wannan bai kai zaɓen malamin da zai duba aikin muhimmanci ba. Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka rubuta wa kowa, buɗe shafinsa na Google Scholar ka duba shekara biyar da suka wuce kawai. Yana bugawa har yanzu, ko tsohon suna yake ci? Yana sa sunan ɗalibansa a gaba a takardun da suka rubuta tare? Ɗalibai nawa suka gama a hannunsa, kuma ina suke yanzu? Nemi biyu daga cikinsu ka tambaye su kwana nawa babi yake yi kafin ya dawo da gyara. Idan amsar ta wuce wata guda, kuma yana riƙe da ɗalibai goma, nemi wani. Ga ɗalibin da ke nesa, malamin da ba ya amsa wasiƙa daidai yake da babu, domin ba ka da ƙofar ofis da za ka ƙwanƙwasa. A sa a rubuce tun farko: ganawa sau ɗaya a wata aƙalla, da malami na biyu da zai riƙe ka idan na farko ya bar jami'ar.

Sannan taken binciken. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗaura kundi gaba ɗaya a kan wata manhaja da ake yayi. Masu binciken koyarwa ta Google+ sun wayi gari a 2019 an rufe shi. Na biyu shi ne tsohuwar tambayar nan: shin karatu ta intanet ya fi na aji? Tun 1983 Richard Clark ya kwatanta kayan koyarwa da motar da ke kawo abinci, wadda ba ita ke ƙara masa gina jiki ba, kuma a 1999 Thomas Russell ya tattara nazari 355 da suka nuna babu wani bambanci na a zo a gani. Editocin kirki sun gaji da ita. Ka jingina tambayarka da ra'ayin da zai daɗe: tazarar mu'amala ta Michael Moore, wadda ke auna nisan da ke tsakanin malami da ɗalibi ta yawan tattaunawa da tsaurin tsarin kwas, ko tsarin da Garrison da Anderson da Archer suka fitar a 2000 kan yadda ɗalibai ke zama al'ummar masu nazari, ko TPACK na Mishra da Koehler na 2006, wanda ke duba yadda malami ke haɗa sanin fasaha da dabarun koyarwa da sanin darasinsa. Kuma ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa bayanan ɗalibi ko ɗaya. Bayanan da aka tattara ba izini, zubar da su ake yi, ko da an shafe shekara a kansu.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Babu fannin da 'yan damfara suka fi so kamar wannan, saboda rashin harabar da za a ziyarta ba ya tayar wa kowa da hankali. A 2015 jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Axact na Pakistan, wanda a lokacin yake tafiyar da ɗaruruwan shafukan jami'o'in bogi, da hotunan malaman da 'yan wasa ne aka ɗauka haya. Alamominsu ba sa canzawa: digirin digirgir cikin wata shida ko shekara guda, alƙawarin mayar da gogewar aiki ta zama digiri ba tare da kundi ba, kuɗi dunƙule ɗaya da ragi idan ka biya yau, wakili mai kiran waya ba dare ba rana, da suna mai kama da na wata shahararriyar jami'a. Araha ba ta ado.

Kada tambarin tantancewa a shafinsu ya ruɗe ka, domin sukan ƙirƙiri hukumar tantancewar da kansu, su buɗe mata shafi mai kyau. Daga hukuma ake farawa, ba daga makaranta ba. Idan makarantar ta Amurka ce, nemi sunanta a rumbun CHEA, majalisar da ke amincewa da hukumomin tantance jami'o'i, ko na ma'aikatar ilimin ƙasar. Ta Ingila ce, duba rajistar Office for Students, hukumar da ke kula da jami'o'in can. Sauran ƙasashe kuma akwai rumbun WHED na ƙungiyar jami'o'i ta duniya. Ka duba harafi da harafi, har da adireshin shafin. Bayan haka ka rubuta wa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasar da kake son yin aiki, ka tambaya ko tana karɓar digirin da aka yi daga nesa, domin akwai masu karɓar jami'a amma su ƙi yanayin karatun. Ka riƙe amsar a rubuce kafin kuɗinka ya fita.

Damfara ta biyu tana jiranka bayan ka shiga: mujallun bogi. Da zarar sunanka ya fito a wani taro, wasiƙu za su fara zubowa suna yabon aikin da ba su karanta ba, da alƙawarin bugawa cikin mako biyu. Tantancewa ta gaskiya watanni take ɗauka, kuma da wuya takarda ta dawo ba gyara. Jerin mujallun bogi na Jeffrey Beall da mutane suka dogara da shi an rufe shi tun Janairun 2017, kwafin da ke yawo ya tsufa. Akwai kuma satar mujalla sukutum: a ɗauki sunan mujallar gaske da lambarta ta ISSN a buɗe shafin jabu a riƙa karɓar kuɗi. Shi ya sa ake shiga shafin mujalla ta mahaɗin da ke cikin rumbunan mujallu na Scopus ko DOAJ, ba ta wanda ya zo a wasiƙa ba. Takarda ɗaya a irin waɗannan wurare tana iya ɓata sauran a idon kwamiti, kuma tunda an riga an buga ta, mujallar kirki ba za ta sake karɓa ba. Tarukan bogi ma haka: taro ɗaya a otal da ya haɗa ilimi da injiniya da aikin jinya, ana karɓar kowane taƙaitaccen bayani cikin kwana biyu.

Mujallun da kwamiti yake ƙirgawa sanannu ne: Distance Education ta Ostareliya, British Journal of Educational Technology, American Journal of Distance Education da Moore ya kafa a 1987, Computers & Education, da IRRODL ta Athabasca wadda ake karantawa kyauta tun 2000. Ka yi niyyar fita da takarda biyu a irinsu kafin ranar kare kundi, ka tura ta farko a shekara ta biyu saboda jinkirin tantancewa. A tsakanin haka ka karɓi aikin malamin taimako a kwas ɗaya na intanet, ko da zango biyu ne, ka adana tsarin kwas ɗin da ra'ayoyin ɗalibai da alƙaluman waɗanda suka kammala, domin su za a ce ka kawo ranar intabiyu.