Musashi ko Shogun: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin littafi ɗaya ka ware, ɗauki Musashi. Duka biyun ina da su, amma ɗaya ne kawai bangonsa ya yage saboda yawan aro.

Na karanta Musashi ne ina bautar ƙasa a wani ƙauye da babu lantarki, da tocila a hannu, har batir ya riƙa ƙare min tsakar dare. Marubucin Japan Eiji Yoshikawa ya fitar da shi kashi-kashi a jaridar Asahi daga 1935 zuwa 1939, shi ya sa duk babin da ka gama sai ya ja ka zuwa na gaba. Fassarar Turancin ta fito a 1981, shafi kusan dubu. Labarin ya buɗe da Takezo, saurayi mai taurin kai, kwance cikin gawarwaki bayan yaƙin Sekigahara na 1600, an ci ɓangarensu. Wani malamin addinin Buddha, Takuan, ya ɗaure shi a saman bishiya, daga baya aka kulle shi shekara uku a ɗaki cikin fadar Himeji, daga shi sai littattafai. Daga nan ya fito da sabon suna, Miyamoto Musashi.

Inda ya fi taɓa ni ba wurin sara da suka ba ne. Akwai inda ya jingine takobi ya ɗauki fartanya, shi da wani yaro maraya, suna gyara filin da ambaliya ke cinyewa, mutanen gari na yi musu dariya. Ruwa ya share aikin, suka sake. Duk wanda ya taɓa noman fadama zai ji wannan a jikinsa. Karonsa da babban abokin hamayyarsa Sasaki Kojiro a tsibirin Ganryu kuwa, inda ya sassaƙe itacen tuƙa kwalekwale ya mai da shi makami, na bar maka ka gani da idonka.

Shogun na James Clavell ne, 1975, an gina shi kan William Adams, Baturen Ingila da jirginsa ya kai Japan a 1600. Makircin fada ba laifi, amma da idon baƙo kake kallon komai, kuma babban yaƙin da ka daɗe kana jira a 'yan layuka aka sallame shi. Sau ɗaya na karanta na ajiye.

Ka yi hattara da masu sayarwa ta intanet. An taɓa buga Musashi a ƙananan juzu'i biyar, wasu sai su turo maka ɗaya a matsayin cikakke. Wani abokina kuma siririn littafin dabarun takobi da Musashi na gaske ya rubuta aka kawo masa, aka ce shi ne labarin. Kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton kaurinsa da shafin ƙarshe.