Wata shida ina yi wa kwamfuta shifta

Ciwon wuyan hannu ne ya tilasta mini rage buga haruffa da yatsu, na koma faɗa wa kwamfuta abin da nake so ta rubuta. Na fi amfani da tsarin rubutu da murya na Google Docs, wanda ake kunnawa da Ctrl+Shift+S a cikin Chrome, sai kuma na Windows, wanda yake buɗewa idan an danna maɓallin Windows tare da H.

Saurinsa ba abin musu ba ne. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2016 ya nuna cewa shigar da saƙon Turanci a waya ta hanyar magana ya ninka bugawa da yatsa sau uku a sauri, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba. Wasiƙar da a da takan ci mini rabin awa, yanzu kafin minti goma na ga daftarinta a gabana. Kafin fitowar manhajar rubutu da murya ta Dragon NaturallySpeaking a 1997, sai mai magana ya riƙa dakatawa bayan kowace kalma, amma yau mutum yana magana yadda ya saba, rubutu yana biye da shi.

Sai dai abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda wannan hanya ta nuna mini tazarar da ke tsakanin magana da rubutu. Baki yakan maimaita, yakan fara jimla ya bar ta a tsakiya ya kama wata, na'ura kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ta ji shi take zubawa. A makonnin farko, lokacin da na samu wajen faɗa, shi nake mayarwa wajen gyara. Abin bai daidaita ba sai da na koyi gina jimla a zuciya kafin in buɗe baki, na kuma saba da ambaton waƙafi da aya a inda suka dace. Wannan horo ya amfane ni har a rubutun da nake yi da hannu.

Sunayen mutane da lambobi su ne inda ya kamata a sa ido sosai. Wata manhajar waya da na gwada ta taɓa sauya mini adadi a cikin rahoto, kuma da yake kalmar da ta rubuta daidai take a ƙa'idar rubutu, babu jan layin da ya ja hankalina. Hayaniya da nisa daga makirufo suna ƙara irin wannan kuskure. Harshen da ake magana da shi ma yana da tasiri: Whisper, tsarin mayar da magana rubutu na kamfanin OpenAI, wanda ya fito a 2022, an horar da shi da sa'o'i 680,000 na sauti, amma mafi yawansu na Turanci ne, don haka harsunan da ba a tara muryoyinsu da yawa ba sukan samu sakamako mai rauni.

Ina ba da shawarar rubutu da murya ga mai ciwon hannu da mai yawan rubuta wasiƙu. Wanda zai faɗi bayanan sirri kuwa, ya fara bincika ko manhajarsa tana sarrafa muryar a cikin na'urar ne ko tana aika ta ta intanet.