Tsohon dek ɗin Meren na 2015: kati 18 kawai na canja ya dawo da ƙarfinsa

Dek ɗin (wato tarin katunan da ɗan wasa ke bugawa da su) da nake magana a kai shi ne Plunder the Graves, ɗaya daga cikin guda biyar ɗin da Wizards of the Coast suka fitar a Commander 2015 na wasan kati Magic: The Gathering, baƙi da kore, kwamandarsa, wato katin da ke jagorantar dek ɗin, ita ce Meren of Clan Nel Toth. An sake buga shi a cikin Commander Anthology a 2017, to wasu ta nan suka same shi. Nawa ya daɗe a ajiye cikin akwati ban taɓa shi ba, sai kwanan baya da muka dawo buga wasa da abokai na ga kowa ya zo da sababbin dek masu saurin tsiya, na ce bari in gwada in ga ko tsohon nan zai iya zama a tebur ɗaya da su. Amsar ita ce eh zai iya, amma fa sai ka yarda ka cire katunan da suka fi burge ka a ido.

Ga wanda bai san Meren ba, mana huɗu ce (mana shi ne kuɗin da ake biya a sauke kati), 3/4 wato ƙarfin duka 3 da juriya 4, kuma duk lokacin da wata halittarka ta mutu kai ɗan wasa kana samun alamar gogewa guda ɗaya, sannan a ƙarshen zagayenka ka zaɓi halitta ɗaya a makabartarka, in kuɗin manarta bai wuce yawan alamominka ba ta dawo fili kai tsaye kyauta, in ya wuce ta dawo hannunka. Abin da ya sa nake son ta shi ne alamomin nan a jikinka suke, ba a jikinta ba, ko an kashe ta sau uku ka sake biyan harajin mana biyu-biyun nan da ake ƙara wa kwamanda duk lokacin da aka sake sauke shi ka dawo da ita, lissafinka na nan yadda ka bar shi.

Toh a nan matsalar dek ɗin take yadda ya fito daga kwali. Meren ƙananan halittu take so, masu arha, masu yin aiki lokacin shigowa ko lokacin mutuwa, su mutu su dawo su sake mutuwa. Amma dek ɗin cike yake da manyan dodanni masu mana shida, bakwai, takwas, irin su Caller of the Pack da Eater of Hope da Great Oak Guardian da Champion of Stray Souls, sai ka ga ka zaro hannu na farko da uku a cikinsu, kana zaune zagaye biyar ba ka yi komai ba ana ta dukanka, Meren ta sauko babu abin da ya mutu balle ta dawo da shi. Wallahi wasa biyun farko da na buga haka na kalle su har aka tashi, alamar gogewa biyu kacal na samu a ɗaya. Ba wai katunan ba su da kyau ba ne, Caller of the Pack 8/6 ne mai tattake masu tsaro, a wani dek ɗin zai yi aiki, amma nan ba gidansa ba ne.

Kafin in faɗi abin da na saka bari in yaba abin da ke ciki tun asali, don gaskiya ƙashin bayan dek ɗin mai ƙarfi ne kuma shi ya sa ya cancanci gyara. Akwai Sakura-Tribe Elder, wanda a wajena shi ne abokin Meren na ɗaya: mana biyu, ka yanka shi da kanka ba tare da biyan komai ba, ya kawo maka katin fili mai ba da mana, ya ba ka alama, da zarar alamominka sun kai biyu kuma duk zagaye sai ya dawo ya sake. Akwai Skullclamp da ke ba ka kati biyu duk lokacin da mai riƙe da shi ya mutu, akwai Eternal Witness, Shriekmaw da za ka iya jefawa da mana biyu ya kashe halitta shi ma ya mutu ya bar maka alama, Acidic Slime, Victimize, Sol Ring, Lightning Greaves da ke kare Meren, har da fili High Market. Waɗannan ko kusa kar ka taɓa su. Mazirek ma na bar shi, don duk wanda ya sadaukar da wani abu a tebur halittunka ƙara girma suke.

Abu na farko da na ƙara, kuma in kuɗinka kati uku kawai za su saya to waɗannan ne, shi ne hanyar yanka halittunka a duk lokacin da ka so ba tare da mana ba. Viscera Seer, Carrion Feeder, da Ashnod's Altar. Mutane da yawa suna raina su don a ido ba su da wani kwarjini, Viscera Seer 1/1 ne na mana ɗaya, amma ka lura da wannan: in abokin wasa ya jefo Swords to Plowshares kan halittarka, korar ta zai yi daga wasan gaba ɗaya, ba ta shiga makabarta ba, ba alama, ba dawowa. In kana da mai yanka a fili sai ka riga shi, ka yanka ta kafin sihirin ya sauka, ta faɗa makabarta, ka samu alama, ƙarshen zagaye ta dawo. Ranar da na fara yin wannan a tebur ne na ji dek ɗin ya zama nawa. Ashnod's Altar kuma ƙari yake da mana biyu marar launi a kowane yanka, shi ke sa ka iya sauke manyan da ka bari da wuri.

Na biyu ƙananan ma'aikata. Spore Frog mana ɗaya, ka yanka shi duk dukan faɗan wannan zagayen ya tashi a banza, kuma alama ɗaya ta isa ya riƙa dawowa kullum. Sai dai kar a ruɗe ka, a tebur mai mutum huɗu sau ɗaya yake dawowa kafin layi ya sake zagayowa kanka, mutum ɗaya zai tare maka, sauran biyun suna nan, to ka iya zaɓen lokacin. Caustic Caterpillar da Reclamation Sage suna fasa kayan aiki da tsafe-tsafen abokan wasa, Ravenous Chupacabra yana kashe halitta ɗaya da shigowarsa. Sai Plaguecrafter da Fleshbag Marauder, masu tilasta wa kowa ya sadaukar da halitta, kai ka ba da su kansu, su dawo, a sake. Plaguecrafter ya fi zafi don wanda ba shi da abin bayarwa kati zai yar daga hannunsa. A nan ina da shawara da gaske nake yin ta: kar ka mayar da wannan abin yi a kowane zagaye in wasan zumunci kuke, don wanda dek ɗinsa ya dogara da halitta ɗaya zai zauna ne kawai yana kallo, kuma ba don haka aka taru ba. Ni sai na ga wani ya yi nisa zai cinye wasa nake kunna shi.

Sannan yadda za a gama wasa, wanda shi ne ɗaya raunin dek ɗin na asali, kana iya riƙe tebur awa guda amma ba ka da abin rufewa sai ka jira babban dodo ya yi duka. Blood Artist da Zulaport Cutthroat suna tsotse rai ɗaya-ɗaya a kowace mutuwa, kamar ba komai ba amma daga rai 40 sai ka ga mutane sun sauko 15 ba su ankara ba. Gray Merchant of Asphodel shi ne mai rufe ƙofa, mana biyar, ka yanka shi Meren ta dawo da shi ya sake tsotsar kowa. Na ƙara Dictate of Erebos da Buried Alive, na biyun yana zuba halittu uku da ka zaɓa kai tsaye cikin makabarta, wanda a wannan dek ɗin kamar ka sa su a hannu ne.

Filaye ban ɓata lokaci sosai a kansu ba. Na cire wasu masu shigowa a kwance irin su Golgari Guildgate da Vivid Grove, na sa Llanowar Wastes da Woodland Cemetery da Bojuka Bog, sai Arcane Signet wanda bai ma fito ba sai 2019, shi ya sa tsofaffin dek duk ba su da shi. Jimilla kati 18 kenan cikin 100.

Manyan da na bari uku ne nake son ambata. Terastodon, don fasa abubuwa uku a shigowa ɗaya ba wasa ba ne in ya dawo kyauta, da Butcher of Malakir. Verdant Force na daɗe ina kai-kawo a kansa, mana takwas yana da nauyi, amma yana haifar da ƙaramar halitta a farkon zagayen kowane ɗan wasa, wato abincin yanka guda huɗu kafin layi ya dawo kanka, a ƙarshe dai na bar shi kuma ban yi nadama ba.

Abin da gyaran nan bai magance ba shi ne masu share makabarta. In aka sauke maka farin katin nan Rest in Peace dek ɗin tsayawa yake cik sai ka fasa shi, in aka jefo maka Bojuka Bog duk abin da ka tara ya tafi. Shi ya sa na daina zuba komai a makabarta lokaci ɗaya, kuma kullum ina riƙe Reclamation Sage a hannu in na san akwai farin dek a tebur. Kuma dek ne mai cin lokaci da tunani, kowane zagaye akwai lissafin wa zai mutu wa zai dawo, sabon shiga zai iya jin nauyinsa a wasannin farko, gara ya fara buga shi yadda yake sau biyu-uku ya ga inda yake tuntuɓe kafin ya sayi komai.

In kana da shi a ajiye, fito da shi ka sa masa sababbin rigunan kare kati ka gyara, ya cancanta ƙwarai. In kuma ba ka da shi, ban ga dalilin neman kwalin da ba a buɗe ba, sayi Meren ita kaɗai da katunan da na lissafa ɗaya-ɗaya, don kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke kwalin cirewa za ka yi. Ni yanzu abin da nake jira ya iso Pitiless Plunderer ne, kuma har yau ban yanke wanda zai ba shi wuri ba tsakanin Cloudthresher da Eldrazi Monument.